Tarihin Tsirrai a Duwatsun Wuta na Fazzan

Kimanin kilomita 400 a kudu maso gabashin Sabha, babban birnin yankin Fazzan na ƙasar Libiya, akwai wani tsohon dutse mai aman wuta da ake kira Waw an-Namus, wanda a cikin kwarinsa ake samun tafkuna da dabino da dogayen karare na fadama, alhali ƙasar da ke kewaye da shi tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duk faɗin Sahara. Arewa da shi kuma akwai Haruj, wata shimfiɗar baƙin dutse da ta mamaye kusan murabba'in kilomita 45,000, wadda narkakken dutse ne ya malala ya daskare ya samar da ita. Waɗannan wurare biyu suna da muhimmanci ga mai nazarin yadda tsiro yake komawa ƙasar da wuta ta cinye, domin sharuɗɗan da masana suka gano a wasu sassan duniya ba su cika a nan ba. Ruwan saman da ake samu a Sabha a shekara guda bai cika kai milimita 10 ba, Kano kuwa tana samun wajen milimita 800, saboda haka tarihin tsirran Fazzan yana bin tarihin ruwanta ne sau da ƙafa, wato ruwan da ya sauka a zamanin da, da wanda ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, da kuma wanda mutane suka yi ta jawowa har ya ja baya.

Abin da aka sani game da farfaɗowar tsirrai bayan aman wuta ya samo asali ne daga 'yan wurare kaɗan da masana suka sa wa ido shekara da shekaru. A ranar 27 ga Agusta 1883 dutsen Karakatau na ƙasar Indunusiya ya fashe ya binne tsibiransa da toka mai zafi, amma da masanin tsirrai Melchior Treub ya je wurin a 1886 sai ya tarar da iri 26 sun riga sun kama ƙasa, 11 daga cikinsu marasa fure ne waɗanda iska ke ɗauko ƙwayoyin haihuwarsu daga nesa, kuma kafin a cika shekara 50 kurmi ya rufe tsibiran. A tsibirin Surtsey na ƙasar Aisilan, wanda ya ɓullo daga teku a 1963, tsiro na farko ya bayyana a 1965, sai dai yawan ire-iren bai ƙaru sosai ba sai bayan da tsuntsayen teku suka kafa sheƙa a tsakiyar shekarun 1980, kashinsu ya zama taki, su kuma suka riƙa kawo iri. A dutsen Saint Helens na Amurka, wanda ya fashe ranar 18 ga Mayu 1980, wata ciyawa 'yar dangin wake ce ta fara kama filin tokar, domin saiwarta tana tara sinadarin naitirojin daga iska yadda ta gyaɗa take yi, ta haka ta gyara ƙasa ga masu biyo ta. Masana suna kiran wannan tsari bi-da-bi na tsirrai, ma'ana wani iri ya share wa wani fage har ƙasa ta kai ga ɗaukar manyan itatuwa, kuma a duk waɗannan misalai akwai abu biyu da ba a rasa ba, ruwan sama wadatacce da kuma wani daji a kusa da zai bayar da iri.

Waw an-Namus bai da ko ɗaya daga cikin biyun. Kwarin nasa, wato ramin da ya samu a bakin dutsen bayan fashewa, yana da faɗin kusan kilomita 4 da zurfin kusan mita 100, a tsakiyarsa kuma akwai wani tsauni mai tsini wanda aman wuta na baya ya gina, inda ake ganin ɓurɓushin farar wuta. Baƙar toka da tsakuwar da dutsen ya watsa sun rufe farin yashin hamada zuwa nisan kilomita 10 har 20, abin da ya sa ake hango shi a hotunan tauraron ɗan'adam a matsayin baƙin tabo a tsakiyar fili mai haske. An yi saɓani a kan shekarunsa, domin awon da aka yi wa duwatsunsa ya bayar da kimanin shekara 200,000, yayin da wasu masanan suka dubi yadda tokar ba ta gama zaizayewa ba suka ce aman ƙarshe bai kai haka daɗewa ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne cewa masana suna ganin haɗuwar narkakken dutse da ruwan ƙarƙashin ƙasa ce ta haifar da ƙarfin fashewar, kuma wannan ruwan ne dai yake tsattsafowa a gindin kwarin a yau, inda ya tara manyan tafkuna uku da wasu ƙanana a kewayen tsaunin tsakiya. Da yake rana tana shanye ruwan ba tare da yana da mafita ba, gishiri ya taru a cikinsa, har wani tafkin ya rine ya yi ja saboda ƙananan halittu masu son gishiri da ke rayuwa a ciki.

Tsirran kwarin sun jeru ne bisa yawan gishirin da kowanne ke iya jurewa da kuma nisan saiwarsa daga ruwa. A bakin tafkunan, inda ruwa mai daɗi yake fitowa kafin ya gauraya da na gishiri, akwai wani dogon kara na fadama da masana ke kira Phragmites australis, wanda tsawonsa ke kaiwa mita 4, kuma a cikin duhuwarsa ne sauron da ya ba wurin suna yake hayayyafa, domin namus na nufin sauro da Larabci. A ƙasa mai gishiri-gishiri sai itacen da Larabawa ke kira asal ko ɗarfa, Tamarix a wurin masana, wanda ke da dabarar fitar da gishiri ta ganyensa, sannan a ɗan sama da shi ake samun dabino da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Da zarar an hau gangaren kwarin aka yi nisa da danshi, tsiro ya ƙare ke nan, baƙar tokar da ke waje kuwa, ko da shekarunta sun kai dubu ɗari biyu, ba ta zama ƙasar noma ba kuma ba ta da alamar zama, saboda ruwa ne ke ruɓar da dutse ya mayar da shi yumɓu, kuma ruwan babu. Manomin Biyu a Barno ko na Panyam a Filato, wanda ke cin amfanin ƙasar da tsofaffin duwatsun wuta suka bari, yana morar aikin damina ne na dubban shekaru a kan irin wannan dutse.

Ire-iren tsirran Waw an-Namus ba su da yawa, kuma kusan dukkansu sanannu ne a sauran dausayoyin Sahara, don haka darajar wurin tana cikin yadda suka iso ne. Irin karan fadama da na ɗarfa ƙanana ne masu gashi, iska na iya tafiya da su nesa, tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Turai da ƙasashen kudu da Sahara kuma suna yada zango a tafkunan, suna iya kawo iri a ƙafa ko a ciki. Ƙwallon dabino kuwa ya fi ƙarfin iska, saboda haka mafi kusa da hankali shi ne matafiya ne suka kawo shi, ko da gangan ko a cikin guzuri, tun da wurin mashaya ce a kan hanyar da ta haɗa Fazzan da Kufra ta Waw al-Kabir da Rabyana, hanyar da Tubawa suka daɗe da sani tun kafin wani Bature ya ji labarinta.

Haruj labarinsa dabam ne. Aman wuta ya fara a can tun kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce, ya ci gaba lokaci bayan lokaci ta bakuna kusan 150, kuma ƙololuwar yankin, Garat as-Saba'a, ta kai tsawon mita 1,200. Babu tafki na dindindin a cikinsa, amma daskararren dutsen ba ya shan ruwa da sauri, saboda haka duk ɗan yayyafin da aka samu yakan gangara ya taru a kwazazzabai da wasu ƙananan kwaruruka masu laka da iska ta tara a tsakanin duwatsu, kuma a nan ne itatuwan ƙaya da ciyayi suke samun abin rayuwa, makiyaya kuma suke kai raƙuma a shekarar da aka dace. Yawancin ciyayin irin waɗanda ƙwayarsu ke kwanciya a ƙasa ne shekaru da dama tana jiran ruwa, idan ya zo su tsiro su yi fure su zubar da iri cikin 'yan makonni. Wannan ita ce farfaɗowar da hamada ta fi sani, kuma ruwa irin wanda ya sauka a Sabha a watan Satumba 2024, har ya yi ɓarna a gidaje, shi ne ke tayar da ita, sai dai ba ta gina daji, tana bayyana ne ta ɓace ta bar ƙasa yadda ta same ta.

Ba haka Fazzan take ba tun fil azal. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana haurowa arewa fiye da iyakarta ta yanzu, sakamakon wani sauyi da ke aukuwa a hankali a yanayin kewayawar duniya ga rana, kuma a wancan zamani akwai tafkuna a tsakanin tuddan yashin Ubari da Murzuk, akwai kuma giwa da raƙumin dawa da kada, waɗanda mutanen lokacin suka zana siffofinsu a duwatsun Masak da na Akakus. Shaidar tsirrai mafi ƙarfi ta fito ne daga kogon Takarkori a tsaunukan Akakus, inda ayarin masu tonon tarihi na Jami'ar Sapienza ta Rum, ƙarƙashin Savino di Lernia, suka tono ƙwayoyin hatsin daji fiye da 200,000, waɗanda masaniyar tsirrai Anna Maria Mercuri da abokan aikinta suka bayyana a 2018 cewa akwai dawar daji a cikinsu da wasu ciyayi masu tsaba irin waɗanda har gobe talakawan Sahel ke tarawa a shekarar yunwa. Binciken maiƙon da ya maƙale a tukwanen kogon ya nuna cewa ana tatsar madara a wurin tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce, an kuma dafa tsirran ruwa a cikin wasu tukwanen, sannan a kogon Wan Muhujjaj da ke kusa an samu 'ya'yan wata kankanar daji masu shekara kusan 6,000. Mai karatu daga Maradi ko Katsina da zai ga jerin tsirran nan zai gane da yawa daga cikinsu, domin Fazzan ta wancan lokaci ta yi kama da dajin da ya sani. Ma'anar wannan ga duwatsun wuta ita ce Haruj da kewayen Waw an-Namus sun taɓa samun ruwa da iri a kusa, kuma itatuwan ƙayar da suka rage a kwazazzabai ragowar wancan shimfiɗaɗɗen daji ne da ya tsuke ya koma 'yan lunguna.

Da damina ta janye kudu, mutanen Fazzan sun koma ga ruwan da ta bari a cikin duwatsun yashi na ƙarƙashin ƙasa. Garamantawa, waɗanda babban birninsu Jarma yake a Wadi al-Ajal yamma da Sabha, sun haƙa abin da ake kira fuggara, wato magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa wadda ake haƙa jerin rijiyoyi a kanta don fitar da ƙasa da shigar da iska, tana jawo ruwa daga gindin tsauni zuwa gonaki ba tare da guga ba. Aikin binciken da David Mattingly ya jagoranta daga 1997 ya ƙididdige fiye da 550 daga cikinsu a wannan kwari kaɗai, kuma ƙonannun ƙwayoyin da aka tono a Zinkekra da Jarma sun nuna alkama da sha'ir da dabino da inabi da ɓaure tun a farkon zamaninsu, daga baya gero da dawa da auduga suka shigo. Herodotus ya ambaci Garamantawa a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce suna zuba ƙasa a kan gishiri su yi shuka, Rumawa kuma sun kai musu yaƙi a shekara ta 19 kafin haihuwar tasa. Wannan zamani ya ƙara wa Fazzan ire-iren tsirrai na gona a daidai lokacin da na daji suke raguwa, amma ruwan da ake ja ba a mayar da shi, kuma da matakinsa ya sauka ƙasa da bakin magudanun sai suka bushe ɗaya bayan ɗaya, noma ya koma na rijiya da guga a ƙananan lambuna.

A ƙarnonin da suka biyo baya Fazzan ta zama ƙofar fatauci tsakanin Tarabulus da ƙasashen Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Garin Zuwaila ya yi tashe ƙarƙashin gidan sarautar Banu Khaɗɗab, Kanem ta mallaki yankin a ƙarni na 13 tana da wakili a Taragan, sannan gidan sarautar Aulad Muhammad ya mayar da Murzuk cibiya daga ƙarni na 16, kuma ayarin da ke ɗauke da fatu da tufafin Kano da gashin jimina, har da bayi masu ɗimbin yawa, ta nan yake bi, dalilin da ya sa harshen Hausa ya zauna a Murzuk da Gat. Kowane ayari yana buƙatar itacen girki da abincin raƙuma a zangon da ya sauka, kuma itacen ƙaya da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya girma a ƙasar da ba ruwa ba ya samun magaji cikin sauri idan aka sare shi. Ta wannan hanya ce kuma ilimin tsirran yankin ya fara shiga littattafan Turai. Friedrich Hornemann ya ratsa Haruj a 1798 a kan hanyarsa daga Alƙahira zuwa Murzuk, ya bar bayanin baƙaƙen duwatsunsa. Likita Walter Oudney, abokin tafiyar Denham da Clapperton, ya tattara tsirrai a Fazzan a 1822 kafin ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu 1824, a tafiyar da ta kai Clapperton gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, kuma masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa wani tsiron hamada suna Oudneya don tunawa da shi. Waw an-Namus kuwa labarinsa kawai Karl Moritz von Beurmann ya ji a 1862, a 1931 kuma masanin duwatsu ɗan Italiya Ardito Desio ya isa wurin ya yi masa bayanin kimiyya. Roberto Corti ya wallafa littafinsa a kan tsirran Fazzan da yankin Gat a 1942, sannan Jami'ar Tarabulus ta fara fitar da babban kundin tsirran Libiya daga 1976, wanda ya nuna cewa ƙasar tana da iri wajen 2,000, mafi yawansu a arewa, musamman a Jabal al-Akhdar.

Kuɗin man fetur ya kawo injin haƙa mai zurfi, ya kuma sauya ma'aunin gaba ɗaya. Daga shekarun 1970 gwamnati ta buɗe manyan gonakin alkama masu ban ruwa da na'ura mai kewayawa a wurare irin su Maknusa da Barjuj, sannan aikin Babban Kogin da Ɗan'adam Ya Gina, wanda aka aza harsashinsa a 1984, ya fara kai ruwan rijiyoyin Jabal al-Hasawina da ke arewa da Sabha zuwa Tarabulus a 1996. Duk wannan ruwa tsohon ajiya ne na zamanin damina, abin da ake zuba masa a yau bai taka kara ya karya ba. Tafkunan da ke cikin yashin Ubari sun nuna abin da ke iya biyo baya, domin tafkin Mandara, wanda dabino da karan fadama suka kewaye kamar na Waw an-Namus, ya ƙafe ya bar ɓawon gishiri, kuma masu bincike sun danganta hakan da saukar matakin ruwan ƙasa a kwarin da ke maƙwabtaka da shi. Dawada, mutanen da suka rayu a bakin waɗannan tafkuna suna kamun wasu ƙananan halittun ruwan gishiri suna kuma sayar da kanwa, an kwashe su a shekarun 1980 aka zaunar da su a sababbin gidaje a Wadi al-Hayat, sunan da aka sauya wa Wadi al-Ajal. Nisan Waw an-Namus daga gonaki da birane ne ya kare shi daga irin wannan, wato abin da ya hana shi samun iri da yawa shi ne kuma ya tsare masa ruwansa.

Barazanar da ta same shi ta zo ne a kan taya. Bayan da aka sassauta wa Libiya takunkumi a 1999 masu yawon buɗe ido sun yi ta zuwa da motocin hamada, har aka kafa sansanoni a yankin don kallon husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a daidai wannan sashe na Sahara. Baƙar tokar a wurare da yawa siririn mayafi ce a kan farin yashi, don haka duk inda mota ta bi takan bar farin layi mai daɗewa, ga kuma shara da itacen da masu kwana ke ƙonawa. Rikicin da ya biyo bayan 2011, har da faɗan Tubawa da Buzaye a Ubari daga 2014 zuwa 2016, ya tsayar da baƙi ya kuma tsayar da masu bincike tare, kuma a 2016 ne hukumar UNESCO ta sa zanen duwatsun Akakus, waɗanda ta amince da su tun 1985, a jerin kayan tarihin da ke cikin haɗari.

Amurka ta mayar da dutsen Lassen da duwatsun wutar Hawai gandun ƙasa tun 1916, Nijar ta keɓe tsaunukan Abzin da Tenere a 1988, kuma a irin waɗannan wurare ne ake iya auna tsirrai a fili guda shekara bayan shekara har a san ko suna ƙaruwa ko suna raguwa. Sanannun gandayen Libiya kuwa a arewa suke, daga al-Kuf a Jabal al-Akhdar zuwa Asha'afiyin a tsaunukan Nafusa, wanda UNESCO ta amince da shi a 2021, haka nan dausayoyi biyu da ƙasar ta yi wa rajista a 2000 ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu duk a gaɓar arewa maso gabas suke. Wannan rabo ya bi inda ire-iren tsirrai suka fi yawa, amma bai bi inda asara ba ta da gyara ba, domin kurmin Karakatau ya dawo cikin shekara 50, kurmin dabino da ɗarfa na Waw an-Namus kuwa idan ruwansa ya sauka ko aka ƙone shi ƙurmus babu damina ko daji a kusa da za su mayar da shi. Jami'ar Sabha ita ce babbar cibiyar ilimi a yankin, kuma aikin farko da ya kamata a ɗora mata, tare da Tubawan da suka san hanyoyin yankin, shi ne ƙidayar tsirran kwarin da auna matakin tafkunansa a kowace shekara.